ADDINI, TASHIN HANKALI DA CI GABAN GARI: ABIN DA GYADI-GYADI DA TARAUNI SUKA KOYA MANA

Jawabin da aka gabatar a taron dattawa da shugabannin ikkilisiyoyi na yankin Gyadi-Gyadi da Tarauni, Kano

  Na gode wa masu shirya wannan taro da suka ba ni zarafi in yi magana a gaban iyayena da magabatana, ko da yake a cikinku akwai waɗanda suka riga ni ganin abubuwan da zan ambata.

Kan maganar da aka ba ni shi ne dangantakar da ke tsakanin addini da tashin hankali da ci gaban al'umma. Magana ce mai faɗi, amma a wurinmu tana da gajeriyar fassara. Babu gidan mai bi a wannan yanki da ba a taɓa zama da dare ana tambaya ba: shin mu zauna ne, ko mu tattara mu koma Sabon Gari, ko mu koma gida gaba ɗaya? Shin in gina gida a nan, ko in kai kuɗin ƙauye? Shin in bar yarona ya buɗe shago a Kano? Amsar da muke bayarwa ita ce za ta nuna ko za a sami ikkilisiya a wannan yanki nan da shekara ashirin. Saboda haka zan bi abin da ya faru a ƙofar gidanmu, mu ga yadda fitina take tashi, da abin da take cinyewa, da wurin da ƙaramar ikkilisiya za ta iya sa hannu.

WURIN DA MUKE ZAUNE

Ƙaramar Hukumar Tarauni, wadda hedkwatarta ke Unguwa Uku, tana da mutum 221,367 bisa ga ƙidayar 2006, kowa kuma ya san yadda ta ƙara cika tun daga lokacin. A cikinta akwai Gyadi-Gyadi da Hausawa da Darmanawa da Daurawa da Babban Giji da Unguwa Uku. A nan Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yake, wanda aka kafa a 1988, inda marasa lafiya ke zuwa daga jihohi da yawa har da Jamhuriyar Nijar. A nan kasuwar waya ta Farm Centre take, ga kuma tashar Unguwa Uku a kan titin Zariya.

Mu masu bi 'yan kaɗan ne a cikin wannan taron jama'a. Waɗansunmu aiki ya kawo su daga Kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Adamawa, Borno da Kudu. Waɗansunmu kuwa Hausawa ne 'yan asalin jihar nan, daga ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada da sauransu, ba su da wani gida da ya wuce Kano. Muna aikin jinya, muna koyarwa, muna kanikanci da ɗinki da sayar da abinci. Mai gidan hayarmu Musulmi ne, mai sayar mana da kayan miya Musulmi ne, masu sayen kayanmu ma haka. Abincinmu da nasu a tukunya ɗaya ake dafawa, ko mun so ko mun ƙi.

ABIN DA IDONMU YA GANI

Dattawa za su tuna da Disamba 1980, sa'ad da Muhammadu Marwa, wanda ake kira Maitatsine, da almajiransa suka tayar da yaƙi daga 'Yan Awaki. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu, mafi yawansu Musulmi. A Oktoba 1982 gardama a kan ginin majami'ar Angilikan a Fagge ta kai ga ƙone majami'u. A Oktoba 1991 zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke ya zama sanadin zubar da jini mai yawa. A Oktoba 2001 Amurka ta kai wa Afganistan hari, sai ga gawawwaki a titunan Kano, na mutanen da ba su san hanyar Afganistan ba.

Wanda ya fi taɓa mu a wannan yanki shi ne na Mayu 2004, kuma tushensa yana da nisa da mu. A garin Yelwa, cikin Ƙaramar Hukumar Shendam ta Jihar Filato, an kashe Kirista fiye da 70 ran 24 ga Fabrairu, da yawansu a cikin harabar majami'ar COCIN. Ran 2 da 3 ga Mayu sai aka kai harin ramuwa, aka kashe Musulmi fiye da 600. Ran Talata 11 ga Mayu aka yi gangami a masallacin Aliyu bin Abi Ɗalib da ke titin Zariya, nan kusa da mu, domin nuna baƙin ciki, aka yi tattaki zuwa Gidan Gwamnati. Kafin rana ta faɗi abin ya kuɓuce. An tare hanyoyi, an ƙone motoci da shaguna da gidaje a Gyadi-Gyadi da Sharaɗa da Ja'en da wajen Panshekara da sauran wurare. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 200 a Kano cikin kwana biyu, ta kuma rubuta cewa jami'an tsaro ma sun harbe mutane da dama, akasarinsu Musulmi, bayan an ba su umarnin harbi. Dubbai sun kwana a barikin 'yan sanda da na soja. Ran 18 ga Mayu Shugaba Obasanjo ya kafa dokar ta-ɓaci a Filato, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye.

'Yan'uwa, kada mu ɓoye gaskiya. Ɓarnar 2004 ta fi yawa a unguwanni irin namu, inda masu bi suke tsiraru. Wanda ya tattara iyalinsa ya tafi bayan wannan, ba mu da bakin zarginsa. Amma akwai wata gaskiya ta biyu da ya kamata mu riƙe da hannu biyu. Akwai waɗanda suke zaune a wannan ɗaki yau domin maƙwabci Musulmi ya buɗe ƙofa, ya shigar da su ɗakin matarsa, ya tsaya a zaure ya ce babu kowa. Addini ɗaya mai wuƙa da mai buɗe ƙofa suke yi. To, me ya raba su? Wannan ita ce tambayar da za ta kai mu ga gane al'amarin.

DUWATSUN MURHU UKU

Iyayenmu mata sun san tukunya ba ta zama a kan dutse ɗaya. Tukunyar fitina ma sai ta sami duwatsu uku take zama har ta tafasa.

Dutse na fari shi ne zaman banza. A shekarun 1970 zuwa farkon 1980 Kano gari ne na masana'antu. Bompai da Sharaɗa da Challawa cike suke da masaƙu da majemu da kamfanonin robobi da na alewa da na mai. Yaro ya gama firamare, ya sami aiki, ya yi aure. Faɗuwar kuɗin man fetur, da shirin tsuke bakin aljihu na 1986 a zamanin Janar Babangida, da rashin wutar lantarki, da kwararowar yadi mai araha daga waje, suka rufe masana'antu ɗaya bayan ɗaya. Matasan da za su kasance a bakin inji suka koma bakin titi, waɗansu suka shiga daba da shan ƙwaya, 'yan siyasa kuma suka same su da araha. Saurayin da ba shi da abin da zai yi hasara, ranar tarzoma ranar kasuwa ce a gare shi. Ku lura, a kowace tarzoma akan fasa shago kafin a tambayi addinin mai shi. Mun ga wannan a fili ran 1 ga Agusta 2024, lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, sa'ad da aka wawashe shaguna da ofisoshin gwamnati a Kano har aka kafa dokar hana fita. A ranar ba wanda ya ambaci coci ko masallaci, amma hannuwan da suka yi ɓarnar irin waɗancan hannuwan ne.

Dutse na biyu shi ne mugun harshe, watau ji-ta-ji-ta da wa'azin ƙiyayya. A nan ne addini yake shigowa, kada kuma mu ce babu ruwansa. Talauci shi kaɗai ba ya sa mutum ya yanka maƙwabcinsa, gama matalauta sun fi yawa a garin nan, akasarinsu kuwa ba su taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Sai an sami mai gaya wa mutum cewa wancan ba mutum ba ne, jininsa ya halatta, kashe shi ibada ce. Addini yana da iko a zuciya fiye da siyasa da ƙabila, shi ya sa mai neman mulki ko filin noma yakan ari rigarsa. Rikicin Yelwa ya haɗa da gardamar ƙasa da sarauta da wane ne ɗan gari, wane ne baƙo, amma da labarin ya iso Kano duk wannan ya zube a hanya, abin da ya rage shi ne Kirista sun kashe Musulmi. Akwai kuma waɗanda suka gaskata da zuciya ɗaya cewa kisa hidimar Allah ce, kamar mutanen Maitatsine da na Boko Haram, irin waɗannan kuwa ba su bar Musulmi ba. An harbe Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yana jan sallar asuba a Ɗorayi cikin Afrilu 2007. Ran 28 ga Nuwamba 2014 an kashe masallata fiye da 100 a Babban Masallacin Juma'a na cikin birni, kamar yadda aka kashe 'yan'uwanmu suna sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero ran Lahadi 29 ga Afrilu 2012.

Dutse na uku shi ne rashin hukunci. Bayan kowace fitina akan kafa kwamiti, a karɓi rahoto, a sa a aljihun tebur. Wanda ya kashe mutum yana yawo a unguwa, marayu suna ganinsa. Sa'ad da mutane suka fid da rai ga kotu, sai su ɗauki doka a hannunsu, su rama a kan wanda ya fi kusa, ko da bai san hawa ba bai san sauka ba. Da an hukunta waɗanda suka yi kisan Fabrairu a Yelwa, da wuya a yi na Mayu. Da an tsare na Mayu, da jini bai zuba a Gyadi-Gyadi ba.

ABIN DA WUTA TAKE CINYEWA

Yanzu mu duba yadda tashin hankali yake komawa ya ci gari, mu kuma tsaya a cikin Tarauni.

Ran Juma'a 20 ga Janairu 2012 Boko Haram ta kai hare-hare a Kano, aka kashe mutum aƙalla 185. Cikin wuraren da aka kai wa hari har da ofishin fasfo da ofishin 'yan sanda na Farm Centre. Bayan haka aka shiga zamanin dokar hana fita da shingayen bincike. Baƙin 'yan kasuwa da ke zuwa Kantin Kwari da Dawanau daga Nijar da Chadi da Kamaru suka ja baya, masu jari da yawa suka kwashe nasu suka tafi, gidajen haya suka zama kango.

Ran 19 ga Janairu 2013 aka buɗe wa ayarin Mai Martaba Sarkin Kano, marigayi Alhaji Ado Bayero, wuta a kusa da Masallacin Murtala da ke Hausawa, direbansa da dogarawansa suka rasa rayukansu. Cikin 'yan kwanaki gwamnati ta hana ɗaukar fasinja a babur a cikin birni, gama da babura ake kai hare-hare. Dubban 'yan acaɓa, Musulmi da Kirista, suka wayi gari ba su da sana'a. Wanda yake da hali ya koma tuƙa A Daidaita Sahu, wanda ba shi da shi ya koma bakin titi. Kun ga yadda harsashi ɗaya yake ƙara wa dutse na fari nauyi.

Ran 8 ga Fabrairu 2013 aka harbe ma'aikatan rigakafin shan-inna tara, galibinsu mata, a wurare biyu, ɗaya a Filin Kashu da ke Unguwa Uku, ɗaya a Hotoro. Wannan ma yana da tarihi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara a Kano, cikin yara 200 da aka sa a gwajin 11 suka mutu, shari'ar kuma ta ja har aka yi sulhu da Gwamnatin Kano a 2009. Ruwa ba ya tsami banza. Da aka karya amana, sai ji-ta-ji-ta ta sami gindin zama, aka ce ɗigon rigakafi makirci ne na hana 'ya'yan Musulmi haihuwa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin daga 2003 har Yuli 2004, cutar ta bazu zuwa ƙasashe wajen 20, har Yaman da Indonesiya. Yaran da suka shanye a waɗannan shekaru manya ne yanzu, muna ganinsu a kan tituna. Sai ran 25 ga Agusta 2020 aka tabbatar cewa Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wannan kuwa bai yiwu ba sai da sarakuna da malamai suka sa baki, suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a. Bakin da ya rufe ƙofa, irinsa ne ya buɗe ta.

Ran 18 ga Nuwamba 2015 'yan mata biyu ɗauke da bam suka tashi kasuwar Farm Centre. Wannan kasuwa wuri ce da matasa suka ƙirƙiro wa kansu aiki bayan masana'antu sun mutu, Bahaushe da Igbo da Bayarabe suna gyaran waya rumfa ɗaya. Wurin da ya fi rage zaman banza a yankinmu, shi aka je a rushe.

Akwai wata hasara da ba a ƙidaya ta da naira, ita ce rabuwar unguwanni. Tun zamanin Turawa, wajen 1913, aka ware Sabon Gari domin baƙi, kowace fitina kuma tana ƙara tura mutane can. Kaduna ta fi mu nisa a wannan hanya, gama bayan rikicin 2000 da na 2002 kogi ya zama iyaka, Musulmi suka fi yawa a arewa, Kirista a kudu. Jos ma haka ta zama bayan 2001. Yaron da ya girma bai taɓa cin tuwon sallah a gidan maƙwabci ba, ko bai taɓa karɓar shinkafar Kirsimeti ba, kowace ƙarya aka gaya masa a kan ɗaya ɓangaren zai gaskata. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Rabuwa tana ba da kwanciyar hankali na yau, tana kuma tara itacen wutar gobe.

Ga zoben ke nan: talauci yana ba da hannuwa, mugun harshe yana ba da tuta, rashin hukunci yana ba da ƙarfin hali, fitina kuma tana kashe aiki da asibiti da makaranta, ta haifi sabon talauci.

MU DUBI KANMU

Ya ƙaunatattu, da sauƙi tsiraru su ɗauka cewa mugunta tana wancan gefe kaɗai. Waɗanda suka kashe ɗaruruwan Musulmi a Yelwa, har da mata da yara, suna amsa sunan Kirista. A rikicin bayan zaɓen Afrilu 2011, inda aka kashe mutum fiye da 800 a jihohin Arewa 12, an ƙone majami'u a nan, an kuma kashe Musulmi da yawa a Zonkwa da kewayenta. A Ruwanda a 1994, ƙasar da akasarin mutanenta Kirista ne, masu baftisma sun kashe masu baftisma, har a cikin majami'u. A Ireland ta Arewa Katolika da Furotesta sun yi kusan shekara 30 suna kashe juna, mutum wajen 3,500 suka hallaka kafin yarjejeniyar 1998. Sunan addini ba ya tsare kowa daga zunubin Kayinu. In muna faɗa wa 'ya'yanmu a gida cewa dukan Musulmi abu ɗaya ne, in muna tafa wa mai wa'azin da ke zagin abin da maƙwabtanmu suke girmamawa, to, mu ma muna ɗora dutse na biyu.

Amma addinin da ake ara a kunna wuta, shi ne kuma yake kashe ta in ya sami masu gaskiya. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin Kaduna na 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da danginsa a rikici ɗaya. A 1995 suka haɗu suka fara aikin sulhu tare, su ne kuma suka taimaka aka ƙulla yarjejeniyar zaman lafiya a Yelwa a 2005. A Yuni 2018 Imam Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kirista, a masallacinsa da gidansa. A nan Kano, cikin Janairu 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, matasan Kirista sun kewaye Musulmi suna salla, Musulmi kuma sun ziyarci majami'u a Sabon Gari ranar Lahadi. Asibitin Ido na ECWA, wanda aka buɗe a 1943, ya buɗe idanun Musulmi da ba su ƙidayuwa, ba a taɓa tambayar kowa addininsa a bakin ƙofa ba.

Ga kuma misali na kusa. A ƙarshen Maris 2025 aka kashe matafiya 16, mafarauta 'yan Jihar Kano, a Uromi ta Jihar Edo, ana gab da sallah. Duk wanda ya ga 2004 gabansa ya faɗi. Amma malamai da hukuma suka yi kira a kwantar da hankali, shugabannin Kirista suka yi Allah wadai da kisan, Gwamnan Edo Monday Okpebholo ya zo Kano da kansa, Gwamna Abba Kabir Yusuf ya kai shi ta'aziyya Bunkure. Gari bai kama da wuta ba. Talaucin 2025 bai fi na 2004 sauƙi ba, abin da ya bambanta shi ne harshen shugabanni da saurin da aka yi. Wannan ya nuna mana in an janye dutse ɗaya, tukunya ba ta zama.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ina roƙonku ku karanta sura ta 29 ta littafin Annabi Irmiya in kun koma gida. Wasiƙa ce zuwa ga mutanen Yahuza da aka kwashe zuwa Babila, tana gargaɗinsu kada su zauna da kaya a ɗaure, su kafa rayuwarsu a wurin, su ɗauki alherin birnin tamkar nasu. In haka aka faɗa wa kamammu, ina ga mu 'yan ƙasa? Tsarin mulkin 1999 ya ba mu 'yancin addini a sashe na 38, da 'yancin zama ko'ina a sashe na 41, da 'yancin mallakar gida ko'ina a sashe na 43. Ba na ce kowa ya tsaya a gaban wuƙa ba. Ranar haɗari, a fitar da iyali. Amma ga abubuwa shida da nake ba da shawara mu ɗauka tun ana zaune lafiya, gama rigakafi ya fi magani.

Na ɗaya, kowace majalisar dattawa ta san mai unguwarta da dagacinta da limamin masallacin da ke kusa da baturen 'yan sandan yankin, sani na ido da ido, da lambar waya. A je gaisuwar sallah, a je ta'aziyya, a je barka. Ba ranar gobara ake haƙa rijiya ba.

Na biyu, mu shiga aikin unguwa. Kuɗin 'yan sintiri, yashe kwata kafin damina, gyaran taransifoma, kwamitin iyaye da malamai, mu biya namu mu kuma halarta. Mutumin da aka saba gani a wurin aikin gayya ba ya zama baƙo.

Na uku, mu ɗauki yara koyon sana'a. A cikinmu akwai kanikawa da teloli da masu walda da masu gyaran waya da masu aikin wuta. Kowane maigida ya ɗauki yaro ɗaya daga ikkilisiya, ɗaya daga unguwa, ba tare da sharaɗin ya canja addininsa ba. Zumuntar mata ta buɗe adashinta da ajin ɗinki ga maƙwabta. Ba za mu iya tayar da Sharaɗa ba, amma yaron da ya koyi walda a hannunka yana da abin da zai yi hasara, yana kuma da wanda zai kāre.

Na huɗu, mu tsare harshenmu da wayoyinmu. A 2004 ji-ta-ji-ta da ƙafa take tafiya, yau kuwa ta WhatsApp da Facebook take tashi. Hoton gawa ko saƙon da ke cewa ana zuwa, kada a tura wa kowa sai an tambayi Fasto ko dattijon da aka sa domin wannan, shi kuma ya tabbatar daga hukuma. Masu hawa bagadi su yi wa'azin Almasihu, su bar zagin addinin wani. Lasifika kuma a daidaita ta, musamman a addu'ar dare.

Na biyar, mu nemi haƙƙinmu ta hanyar doka, da haƙuri da naciya. Matsalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da koyar da darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati, da takardar shaidar zama ɗan asalin jiha ga 'ya'yan Hausawa masu bi, duk abubuwa ne na gaske. A rubuta su da kwanan wata da shaida, a kai ta hannun CAN, a bi sawu. Kowace ikkilisiya ta adana takardun filinta da kyau. Sa'ad da aka zalunci Musulmi a wani wuri kuma, bakinmu ya riga na kowa yin tir, gama mai neman adalci don kansa kaɗai ba adalci yake nema ba.

Na shida, mu yi shiri ba tare da tsoro ba. A san gidan kowane memba, da tsofaffi da marasa lafiya da gwauraye, a san wanda zai kira wa, a san inda za a taru. Matasanmu su ji daga bakinmu sarai cewa ramuwa ba tamu ba ce, wanda ya ɗauki makami da sunan ikkilisiya ba da yawunmu ya yi ba.

Iyayena da 'yan'uwana, Hausawa sun ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mu ba 'ya'yan sarki ba ne a wannan gari, ba mu da yawa, ba mu da mulki. Amma muna da maƙwabta, muna da sana'a a hannu, muna da bishara ta salama. Idan Tarauni ta ci gaba, 'ya'yanmu za su ci, idan ta ƙone, hayaƙin ba zai tsallake ƙofarmu ba. Ina roƙon kowace majalisar dattawa ta ɗauki waɗannan abubuwa shida a zamanta na gaba, ta zaɓi biyu da za ta fara da su, ta kawo rahoto a taronmu mai zuwa.

Bari mu tuna da gwauraye da marayun da waɗannan fitinu suka bari, namu da na maƙwabtanmu, mu riƙa sa su cikin addu'a da taimako. Ubangiji ya ba shugabanninmu hikima da tsoronsa, ya ba matasan garin nan aikin yi, ya tsare Gyadi-Gyadi da Tarauni da Kano da Nijeriya baki ɗaya.  Ubangiji ya albarkace ku, cikin sunan Yesu. Amin.